Wasan tambayoyi a intanet: hanyar shirya 'yan ajin ƙarshe don rayuwa bayan BAC

Ɗalibin da ke ajin tarminal a Marwa, Garwa ko Njamena ya san lissafi da falsafa, amma watanni kaɗan bayan jarrabawar BAC zai fuskanci abubuwan da ba sa cikin manhaja: kuɗin hayar ɗaki a garin da bai san kowa ba, bashi, takardun shaida, da 'yan damfarar waya. Idan malami ya tsaya yana wa'azi a kan waɗannan, rabin aji na hamma. Wasannin tambayoyi na intanet na iya sauya wannan, muddin an san yadda za a yi amfani da su.

Wanda ya fi shahara shi ne Kahoot!, da aka ƙaddamar a Norway a 2013 tare da haɗin gwiwar Farfesa Alf Inge Wang na jami'ar kimiyya da fasaha ta Trondheim. Malami ne ke rubuta tambayoyin, kowace da amsoshi har huɗu. Wasan na ba da wata lamba, ɗalibai su shigar da ita a wayoyinsu, kowa ya zaɓi laƙabin da yake so. Tambaya ta fito, kowa ya danna launi ɗaya: ja, shuɗi, rawaya ko kore. Nan take allo ya nuna mutum nawa suka zaɓi kowace amsa.

Amfanin wasan yana cikin wannan allon. Saurayi mai shekara 19 ba zai ɗaga hannu ya ce bai san yadda kuɗin ruwa ke hauhawa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Amma da ya ga mutum 20 sun faɗi tare da shi, sai baki ya buɗe. Nan ne malami zai dakatar da wasa ya yi bayani.

Tambayoyin su fito daga rayuwar da ke jiran ɗaliban. Misali: ka ranci sefa 50,000, ruwa kashi 10 cikin 100 kowane wata, kuma ruwan na hawa kan ruwa. Nawa za ka biya bayan wata uku? Da yawa za su ce 65,000, alhali amsar 66,550 ce. Ko kuma: sefar Kamaru da ta Nijar ɗaya ce? Darajarsu ɗaya, kowace 655.957 ce a kan yuro ɗaya, amma bankuna biyu ne ke buga su, BEAC da BCEAO, don haka mai shago a Maraɗi ba dole ba ne ya karɓi takardar Garwa. Haka ma shekarun jefa ƙuri'a: 18 a Nijar da Cadi, 20 a Kamaru. Ga matasan da danginsu ke warwatse a ƙasashe biyu ko uku, wannan ilimi ne na yau da kullum.

Sai dai akwai tarko. Kahoot! na ƙara maki ga wanda ya fi saurin amsawa, kuma gaggawa ita ce makamin ɗan damfara. Wanda ya kira ya ce ya turo maka kuɗi ta Orange Money bisa kuskure, ka mayar yanzu yanzu, ba ya son ka tsaya ka duba asusunka. Bai kamata wasa ya koya wa yara garaje ba. A irin waɗannan tambayoyi, malami ya tsawaita lokacin amsa ko ya cire makin gaba ɗaya. Saurin kuma na cutar da wanda ke karanta Faransanci a hankali, shi ya sa ya fi kyau a karanta tambayar da Hausa ko Fulatanci kafin a fara ƙirga lokaci.

Rashin waya ba ya hana wasa. Ana iya raba aji rukuni-rukuni, mutum biyar a kan waya ɗaya, har ma ya fi armashi domin sai sun yi gardama kafin su danna. Inda makaranta ta hana shiga da waya, akwai Plickers: kowane ɗalibi na riƙe da katin takarda mai zane, ya juya gefen A, B, C ko D sama, malami ya ɗauki amsoshin da kyamarar wayarsa shi kaɗai.

Tambaya goma sun isa zama ɗaya, a bar sauran lokacin ga muhawara. Bayan wasa malami ya duba rahoton, tambayar da aka fi faɗuwa ta zama darasin mako mai zuwa. Ƙungiyoyin matasa a unguwannin Hausawa, irin su Briqueterie a Yawunde, su ma za su iya shirya irin wannan zama lokacin hutu, kafin ɗaliban su ɗauki jaka su kama hanyar jami'a ko kasuwa.