Kimiyya: Furen Teku Da Motsin Ruwa

Yau za mu yi magana a kan wata halitta ta teku wadda Turawa ke kira animoni, mu kuwa bari mu ce da ita furen teku. Wanda ya gan ta manne a kan dutse, da hannuwa masu launi suna kaɗawa, sai ya rantse fure ce. Amma dabba ce, 'yar'uwar murjani. Masu sauraronmu na Jidda da Fot Sudan, akwai ta a gaɓarku, cikin Bahar Maliya.

A Ingila da Amurka mutane su kan ajiye ta cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Sau da yawa mutum ya kan daidaita gishirin, ya ba ta haske da abinci, amma duk da haka ta yanƙwane ta mutu. Dalili kuwa shi ne ruwan a tsaye ya ke.

Ga yadda abin ya ke. Wannan dabba ba ta da zuciya, ba huhu, ba jini. Ta fatar jikinta ta ke shan iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, ta nan kuma wata ƙazantar ke fita. Sauran saƙi kuwa ta baki ta ke amayar da shi, gama ƙofa guda ce gare ta. In ruwa bai motsa ba, sai ta shanye iskar da ke kewaye da ita, ƙazanta da majina su taru a kanta. Watau aikin da zuciya ke yi mana, raƙuman ruwa ne ke yi mata. Ruwan gishiri kuwa bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, in ya yi ɗumi abin ya ƙara raguwa.

An daɗe da gane wannan. A 1846 wata Baturiya, Anna Thynne, ta ɗebo murjani mai rai daga gaɓar Torquay, daga baya ta kai shi London. Sai ta sa 'yar aikin gidanta ta riƙa juye ruwan daga wannan kwano zuwa wancan a bakin taga, rabin sa'a ko fiye, don ya sha iska. Dabbobin suka yi shekaru da ransu.

Yanzu famfon lantarki ke yin wannan aiki, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada a saita bakinsa kan dabbar. Ana so a ga hannuwanta suna lilo a hankali, nan da can. In sun kwanta gefe guda, ƙarfin ya yi yawa. Na biyu, a rufe wurin da famfon ke zuƙar ruwa da raga ko soso. Furen teku in wuri bai yi mata ba, ta kan saki dutsenta ta yi ƙaura. In famfo ya zuƙe ta ya daddatsa, ruwan ya kan lalace, har kifayen su mutu cikin dare guda.

In an kula da ita kuwa, tana da tsawon rai. Wadda Sir John Dalyell ya ɗauko a gaɓar Sikotilan a 1828, ba ta mutu ba sai a 1887.