Dalilan warware aure a idon shari'a: halin da ake ciki a Gure

Gabatarwa

A bakin jama'a, "aure ya mutu" ya ƙunshi kowace irin rabuwa. A shari'a kuwa hanyoyin daban ne. Saki yana hannun miji, hul'i fansar kai ce daga wajen mace, warwarewa kuma, wadda malamai ke kira faskhu, Faransanci ke kira annulation, hukunci ne na cewa auren yana da aibi tun daga ɗaurinsa. A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba dalilan warwarewa, da abin da ke biyo bayanta, bisa misalin gundumar Gure ta jihar Damagaram.

1. Wace doka ce ke aiki?

Doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962 ta umurci kotunan Nijar su yi aiki da al'adar masu ƙara a sha'anin aure, saki da gado. Dokokin 2004 da 2018 da suka gaje ta sun riƙe wannan ƙa'ida, da sharaɗin kada al'ada ta saɓa wa dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin da Nijar ta amince da su. A Gure, inda Barebari, Hausawa, Tubawa, Fulani da Buzaye ke zaune tare, al'adar aure ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya, wanda malamai ke karantawa a Risala da Muhtasar na Halil. Ana fara neman sulhu a gaban sarki, in ya gagara a je kotu, inda alƙali ke zama tare da mashawarta masana al'ada.

2. Dalilai a Malikiyya

Na farko, rashin abin da aure ba ya tsayuwa sai da shi, kamar waliyyi, ko shaidu biyu kafin tarewa.

Na biyu, haramci: auren muharrama ta jini, ta shayarwa ko ta surukuta, auren mace cikin idda, ƙara ta biyar, haɗa ya da ƙanwa, da auren kisan wuta. Wanda ya auri mace cikin idda har ya sadu da ita, ta haramta gare shi har abada.

Na uku, aibin sadaki, kamar a ba da abin da bai halatta ba. Wannan aure ana warware shi kafin tarewa, amma bayanta yana tabbata da sadakin tsararrakin matar.

Na huɗu, aibin jiki da aka ɓoye: hauka, kuturta, albaras, ko cutar da ke hana saduwa. A nan zaɓi ake ba wanda aka cuta, kuma zaɓin yana faɗuwa in ya san aibin ya yarda. Mijin da ya kasa saduwa ana jinkirta masa shekara guda.

3. Dalilai a rubutacciyar doka

Kundin Code civil da aka gada daga Faransa yana hawa kan waɗanda suka ɗaura aure a ƙarƙashinsa. Aya ta 144 ta sa shekara 18 ga namiji, 15 ga mace. Aya ta 146 ta ce babu aure in babu yarda, ta 147 ta hana sabon aure kafin na farko ya ƙare, ta 180 kuma ta ba wanda aka tilasta damar kai ƙara. Ga auren al'ada, dokar Mandel ta 15 ga Yuni 1939 ta sa shekara 16 ga namiji, 14 ga mace, ta kuma wajabta yardar ma'auratan biyu.

4. Inda hanyoyin suka saɓa

Malikiyya ta ba uba ikon aurar da ƴarsa budurwa ba tare da izninta ba, alhali rubutacciyar doka ta mai da rashin yarda dalilin warwarewa. Yunƙurin kafa dokar iyali a farkon shekarun 1990, da na 2011, bai kai ga nasara ba, don haka wannan nauyi ya rage a kan alƙali. Yarinyar da aka yi wa auren dole, in aka bi da ita ta hanyar hul'i, ita ce za ta mayar da sadaki, galibi daga dukiyar iyayen da suka tilasta mata. In kuwa an warware auren, ana ɗora laifin a kan ɗaurin auren ne, kuma ba a nemi ta fanshi kanta ba.

5. Abin da ke biyo baya

A Malikiyya, auren da malamai suka haɗu a kan ɓacinsa ana warware shi ba tare da an lissafa saki ba, wanda suka yi saɓani a kansa kuwa warwarewarsa saki ɗaya ce. Bayan saduwa mace ta cancanci sadaki, kuma sai ta jira tsarkin mahaifa kafin wani aure. Ƴaƴa suna bin uba matuƙar an yi auren bisa rashin sanin haramcin. Ayoyi na 201 da 202 na kundin Code civil su ma sun kare wanda ya yi aure da kyakkyawar niyya, tare da ƴaƴansa.

Kammalawa

Muna ba da shawarar masu fassara a kotu da masu bincike su keɓe "warware aure" ga faskhu, su bar "saki" da "hul'i" a muhallinsu, domin a kan kalmar da aka rubuta a takardar hukunci ne ake yanke wanda zai biya sadaki da adadin sakin da ya rage.