Daga Birniwa Zuwa Malabo: Shekara Biyu Ina Karantar da Allo da Sifaniyanci

Abin da ya fara tabbatar mini na bar gida shi ne tawada. A Birniwa in ka rubuta allo ka jingine shi a jikin danga, kafin ka gama goge alƙalami ya bushe ƙarau. A Malabo na rubuta wa wani yaro Fatiha da hantsi, har aka kira azahar in ka ɗora yatsa sai baƙin ya biyo ka. Daddawa da kukar da Inna ta ƙulla mini ba su yi mako uku ba suka yi fumfuna, littattafaina kuma suka kama warin laima. Mu da muka tashi inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, inda ake koya wa yaro taimama tun yana ƙarami saboda rijiya na da nisa, ga ni a tsibirin da a kudancinsa, a wani ƙauye mai suna Ureka, ruwan da ke zuba a shekara ya kan haura milimita 10,000.

Shekarata 24 lokacin da na tafi. Na sauke Alƙur'ani a tsangaya, na yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala a wani zaure a Haɗeja. Wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya daɗe yana kasuwanci a Malabo, ya zo gida babbar salla, ya kai kuka wurin malaminmu: jikokinsa ba sa jin Hausa sai gaisuwa, alwala ma sai a hankali. Malam ya dube ni ya ce, "Kai za ka je." Na ce, "Allah gafarta Malam, ban san ko kalma ɗaya ta yarensu ba." Ya ce ai ni ɗan Birniwa ne, wanda ya tashi yana jin Hausa a gida, Manganci a kasuwa, Fulatanci a bakin rijiya, harshe na huɗu ba zai gagare shi ba. Baba bai ce komai ba sai ranar tafiya, ya riƙe hannuna a tasha ya ce kada in ci abin kowa da sunan addini.

Da yawa a cikinmu ba su san muna da maƙwabta masu magana da Sifaniyanci ba. Ikwatoriyal Gini ƙaramar ƙasa ce, wani ɓangarenta a doron ƙasa tsakanin Kamaru da Gabon, inda birnin Bata yake, wani ɓangaren kuma tsibirai ne, babbansu Biyoko, inda Malabo take. Tsakanin Malabo da Kalaba bai kai nisan Birniwa da Kano ba, agogonmu ma ɗaya ne. Sifaniya ce ta mulke su har ranar 12 ga Oktoba, 1968, shi ya sa harshenta ya zama na makaranta da ofis da rediyo. A da sunan tsibirin Fanando Fo, mutanen kudancin Najeriya kuwa Panya suke ce masa. Tun daga yarjejeniyar 1942 tsakanin Ingila da Sifaniya aka riƙa kwasar 'yan ƙwadago daga gabashin Najeriya zuwa gonakin koko, har zamanin mulkin Masiyas Ngema ya yi tsanani, gwamnatin Janar Murtala ta kwaso dubbansu zuwa gida a ƙarshen 1975 da farkon 1976. Hausawa ba noman koko ya kai su ba, fatauci ne: tufafi, nama, ƙananan kayan koli. Sun daɗe har ta kai a bakin mutanen gari in an ce "hausa" sau da yawa Musulmi ake nufi, ko da mutumin Mali ne ko Senegal. Da aka fara haƙo man fetur a tsakiyar shekarun 1990 sai baƙi suka ƙaru. Duk da haka Musulmi 'yan tsiraru ne, mafi yawan jama'a Kiristoci ne 'yan Katolika.

Kafin in tafi na ɗauka aikin mai da'awa hawa mumbari ne. A shekara biyu ban hau mumbari ba sai sau uku.

Ga yadda yinina yake. Ina kwana a wani ɗakin katako a bayan ƙaramin masallacin unguwa. Ƙasar tana kusa da tsakiyar duniya, don haka alfijir da faɗuwar rana kusan ba sa motsi duk shekara, azumi ma tsawonsa kusan ɗaya ne ko a wane wata ya faɗo. Bayan asuba ina yi wa manya biyar ko shida ƙarin karatu kafin su tafi kasuwar Semu su buɗe rumfuna. Daga nan sai shara, ɗiban ruwa, wanki. Da hantsi, lokacin da yara suke makarantar boko, ni ne ɗalibi: ina zama wurin wani tela ɗan ƙabilar Bubi, Kirista, yana ɗinki ina nuna abu yana faɗa mini sunansa, ina rubutawa da ajami a bayan wani tsohon littafin lissafi. Almakashi, zare, taga, ruwa, jiya, gobe. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Da la'asar yara su zo, wajen talatin, har magariba. Bayan isha'i kuma sai abin da ya taso: raɗin suna gobe, wankan gawa, sulhu tsakanin miji da mata, ko raka wani sabon zuwa asibiti don in yi masa tafinta da ɗan abin da na tsinta. Juma'a mu tafi babban masallacin da aka buɗe a 2015.

Watanni uku na farko su ne mafi nauyi a rayuwata. Ina biya wa yara suna maimaitawa, amma in na ce a zauna ba wanda ya zauna, in na yi tambaya sai su dubi juna. A junansu Sifaniyanci suke yi, ko Pichi, wani broka mai kama da na Najeriya. Bulala ba ta da amfani a nan, ban ma ɗauke ta ba, domin yaron da bai ji abin da ka ce ba bai yi maka laifi ba. Ranar da na fara haɗa jimla guda cikakkiya na ce musu su wanke hannu sau uku, ajin ya yi tsit, sannan wata yarinya 'yar shekara bakwai ta gyara mini lafazi. Daga ranar suka fara kirana maestro, wani lokaci Malam, kuma daga ranar karatu ya fara shiga.

Akwai abin da ya ba ni mamaki a bakinsu. Harafin ha mai ruwa, wanda mu Hausawa muke fama da shi sai an kai mu ga malamin tajwidi, da yawansu suna fitar da shi ba wahala, saboda akwai sauti mai kama da shi a Sifaniyanci. Amma shinun sai su mayar da shi sinun, ha kuri kuwa su haɗiye shi, domin a rubutunsu harafin h ba a furta shi. Kowane harshe da inda yake taimakon mai karatu da inda yake kayar da shi.

Wata rana tela ya ambaci shugaban gari ya ce alcalde. Na ce ya maimaita. Alƙali! Kalma ɗaya ce daga Larabci, ta bi arewa ta zama tasu, ta keto Sahara ta zama tamu. Daga nan na fara farautar irinsu: azúcar sukari, taza tasa, hasta hatta. In suna fatan abu su ce ojalá, wadda asalinta fatan Allah ya so ne, Kirista da Musulmi duk suna faɗa. Dalili shi ne Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar da muke kira Andalus tun daga shigar Ɗariƙu bin Ziyad a 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492. Da na zauna na tuna littattafan zaurenmu sai jikina ya yi sanyi. Muwaɗɗa da muke karantawa riwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba. Alfazazi mai Ishiriniya, wadda ake rerawa a Haɗeja duk watan Mauludi, haifaffen Ƙurɗuba ne. Ibn Malik mai Alfiyya a Jayyan aka haife shi. Alƙali Iyal mai Ashafa an haife shi a Sabta, wadda yau take hannun Sifaniya, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Ashe ƙasar da nake ganin harshenta baƙo ne, daga can aka kawo rabin abin da ke cikin gafakata. Da na faɗa wa manyan yaran wannan, na ga fuskokinsu sun canja. Sun saba ji ana nuna musu cewa harshen da suke mafarki da shi na wasu ne, addininsu kuma na wani harshen ne dabam.

Tambayoyin da suka fi ba ni aiki ba a cikin Iziyya suke ba. Da yawa daga cikin yaran uwayensu mata 'yan Bubi ne ko Fang da suka musulunta, kakanninsu na wajen uwa suna nan a cocinsu. Wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ya tsaya bayan an tashi, ya tambaye ni ko ya halatta ya ci abinci a gidan kakarsa ranar Kirsimeti, tunda a gidan ana dafa alade, ana shan malamba, wata giyar rake. Ya ce wani ya gaya masa ya daina zuwa. Na kwana ina juya maganar. Washegari na buɗe masa Suratu Luƙman a tarjamar Sifaniyanci da aka buga a Madina, irin bugun da aka yi wa tarjamar Hausa ta Shehu Abubakar Gumi, ya karanta da kansa abin da aka ce game da kyautata wa iyaye ko da addini ya bambanta. Na ce ya je, ya gaishe ta, ya ɗebo mata ruwa, ya ci kifi da ayaba, ya bar abin da aka haramta masa. Bayan kwana biyu tsohuwar ta aiko mini da gwaza da soyayyen kifi. Har yau ina ganin da na ba shi amsa da Hausa ta bakin tafinta, da ba ta zauna masa a zuciya haka ba.

Dole in faɗi wata gaskiya ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. A fagen shirya matashi kafin a tura shi, masu wa'azin Kirista sun yi mana nisa. Limaman Katolika da suka sauka tsibirin a 1883 sun zauna sun koyi yaren Bubi har suka rubuta nahawunsa da ƙamus. A ƙasarmu ma babban ƙamusun Hausa na 1934 aikin Bargery ne, wanda wa'azi ya fara kawo shi. Cocin da aka fi sani da Momon kuwa yana tura samari tun daga shekara 18 su yi shekara biyu, 'yan mata wata 18, da yawansu zuwa Meziko da Feru da Ajantina. Kafin su tafi sai an tsare su makonni a cibiyar horo, babbarta a Provo ta jihar Yuta a Amurka, suna koyon harshe safe da yamma. Ana tura su biyu-biyu, an san inda za su kwana da wanda za su kira in ciwo ya kama su. Aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce, amma wannan tsari ba aƙida ba ne, hankali ne, kuma mu muka fi cancanta da shi. Ni an tura ni da addu'a da kyakkyawar niyya, ina kuma godiya da su, sai dai wata uku na yaran nan sun tafi a banza kafin bakina ya buɗe.

Kaɗaici ma ba ƙaramin abu ba ne. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni sau biyu. Rayuwa da tsada, domin yawancin kayan miya daga Kamaru ake shigo da su, kuɗin kuma sefa ne. Baƙo ba ya fita sai da takardunsa a aljihu. Gero sai an yi sa'a wani ya zo da shi, ranar da aka dama fura a gidan mai masaukina sai da na yi hawaye. Lokacin kaka in na kira gida ta WhatsApp na ji Inna tana cewa an fara yankan riɗi, kankana ta cika tasha, sai in fita in tsaya ina kallon dutsen Basile, mai tsawon sama da mita 3,000, da gajimare ya lulluɓe kansa, ina tuna tudun yashin garinmu inda ido ke tafiya har ya gaji.

Lokacin da na taho, yara tara sun shiga izu na biyu, manyan 'yan mata biyu suna iya karantar da ƙanana, na kuma bar musu littafin rubutu guda da na tsara alwala da salla da azumi a cikinsa da Sifaniyanci mai sauƙi, tela ya duba mini kurakuran harshe, limami ya duba na fiƙihu. Wanda ya gaje ni ɗan Gumel ne, shi ma ya sauka bai san kalma ɗaya ba.

Kirana ga malamanmu na Haɗeja da Kano, da attajiran da ke ɗaukar nauyin irin wannan tafiya, da ƙungiyoyin da'awa: akwai jikokin Hausawa a Malabo da Bata da ke jiran malami, amma kada a sake tura yaro shi kaɗai da baki a rufe. A ba shi ko da wata uku ya koyi harshen kafin ya tashi, a haɗa shi da abokin tafiya, a yanka masa abin da zai ci ba tare da ya miƙa hannu ba, a kuma ajiye masa kuɗin dawowa tun ranar da zai bar gida.