Bindigar Katun a Allon Waya: Abin da Wasannin Harbi na Intanet Suke Ci a Tambuwal da Kebbe

Daga cikin abubuwan da wayar hannu mai manhajar Android ta shigo da su garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, tun daga Tambuwal da Dogon Daji da suke kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, har zuwa Kebbe da Kuchi da suke can wajen iyakar Zamfara, akwai wani nau'in wasa da manya suke jin ƙararsa ba tare da sun san yadda yake ba. Shi ne wasan harbi na taron jama'a ta intanet, wato wasan da mutane da yawa, kowa da wayarsa kuma kowa a garinsu, suke shiga fage ɗaya a lokaci ɗaya, kowannensu yana juya wani mutum-mutumi mai riƙe da makami, ana fafatawa har a fitar da gwani. Da yawa daga cikin waɗannan wasanni an zana su ne da siffar katun, mai launi da wasa da ido, kuma wannan siffa ita ce take sa iyaye su rabu gida biyu: wasu su ɗauka shirme ne na yara da ba ya cutar da kowa, wasu kuma su ga bindiga kawai su tsorata. Dukkan ɓangarorin biyu sun kalli hoton ne, alhali maganar tana bayan hoton.

Wannan salo ya ɗan kwana biyu. A shekarar 2007 kamfanin Valve na Amurka ya fitar da Team Fortress 2, wanda ya kauce wa zanen sojoji na zahiri ya koma ga mutane masu manyan kafaɗu da kama ta barkwanci, sannan a 2011 ya mayar da wasan kyauta yana neman kuɗinsa ta hanyar sayar da huluna da kayan ado a ciki. Shekarar 2017 ce ta sauya kasuwar gaba ɗaya, domin a cikinta aka sami PUBG daga Koriya ta Kudu, da Fortnite na kamfanin Epic Games, da kuma Free Fire wanda kamfanin Garena na Singafo ya saki a ƙarshen shekarar. Tsarinsu ɗaya ne: jirgin sama ya ratsa saman wani tsibiri, 'yan wasa su diro da laima hannu rabbana, kowa ya shiga neman makami da magani a gidaje, yayin da wata da'ira take ta matsewa tana tilasta musu haɗuwa, har a bar mutum ɗaya ko rukuni ɗaya. Fortnite da PUBG suna ɗaukar mutum 100 a fage, amma Free Fire ya rage su zuwa 50, ya taƙaita zagaye zuwa kimanin minti 10, ya kuma sauƙaƙa zanen yadda ƙaramar waya za ta iya ɗauka, kuma da wannan dabarar ce ya zama wasan waya da aka fi saukewa a duniya a 2019. Shi ya sa a garin da wayar da ta fi yawa take Tecno ko Itel ko Infinix, an fi jin sunan Fortnite a baki, an fi ganin Free Fire a hannu.

Zanen katun, saboda haka, lissafi ne na kasuwa kafin ya zama ado. Hoton da bai cika ƙananan bayanai ba, irin su gashin fuska da inuwar ganye, ba ya wahalar da ƙwaƙwalwar waya, kuma a allon da bai wuce tafin hannu ba ya fi sauƙi a gane abokin gaba idan launinsa ya fita daban da na ciyawa. Rashin jini da raunuka yana sa hukumomin da suke ƙayyade shekarun masu wasa su sassauta, kamar yadda tsarin Turai ya sanya Fortnite a matakin 'yan shekara 12. Sai dai babban dalilin shi ne na ƙarshe: duniyar da aka zana da barkwanci tana karɓar kowace irin riga, ko ta zomo ce ko ta ɗan ƙwallo, kuma rigar ita ce hajar da ake sayarwa.

Kafin a zo ga hajar, ya kamata a fahimci abin da yake faruwa idan yaro ya danna allo, domin a nan ne ɗan Kebbe yake shan kaye tun kafin a fara. Fagen wasan ba a cikin wayarsa yake ba. Yana cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda take karɓar motsin kowa, ta yanke hukuncin wanda ya riga wani harbi, sannan ta aika wa kowa sakamako. Lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo shi ake kira ping, ana kuma auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma shi ne ɗan lambar nan da yake saman allo yana sauya launi daga kore zuwa ja. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya, wayar ƙarƙashin teku ta MainOne kuwa da ta haɗa Legas da Fotugal a 2010 ta kai tsawon kilomita 7,000, don haka zuwa da dawowa a kanta kaɗai yana cin milisakan 70, ba a sa tafiya daga ƙarfen sabis na Tambuwal zuwa Legas ba, ba a kuma sa cunkoson da yake samun ƙarfen da daddare ba, lokacin da kowa ya koma kan waya. Duk wanda ya tsaya kusa da samari a rumfar mai cajin waya bayan sallar isha'i zai ga sakamakon wannan lissafi da idonsa: yaro ya laɓe a bayan bango, manyan yatsunsa biyu suna kan allo, ya tabbata ya riga abokin karawarsa harbi, sai kawai ya ga nasa mutumin ya faɗi, ya ɗaga waya sama yana cewa sabis ne ya cuce shi. Gaskiya ya faɗa, domin abin da ya gani a allonsa labarin da ya wuce ne, kuma saba ta riga ta yanke hukunci kafin harsashinsa ya iso gare ta.

Wannan dogaro da igiya mai nisa ya fito fili sau biyu a 'yan shekarun nan. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, bayan an yi irin haka a Zamfara, sannan a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta. Wannan ma ya isa ya sa a yi hattara da mafarkin da ake sayar wa yara na cewa za a yi arziki da wasa. Gaskiya ne wani yaro ɗan shekara 16 a Amurka, Kyle Giersdorf, ya ci dala miliyan 3 a gasar duniya ta Fortnite a 2019, amma mutum ɗaya ne cikin miliyoyin da suka shiga neman gurbi, kuma ba ya jiran a kawo wuta kafin ya yi atisaye.

Ana cewa wasan kyauta ne, kuma saukewa da shiga fage lallai ba a biya. Shi kansa zagayen wasa ba ya cin data kamar kallon bidiyo, tunda abin da ake aikawa lambobi ne na inda kowa yake da inda ya nufa, amma sabuntawar da kamfani yake tilastawa lokaci zuwa lokaci tana iya lashe ɗaruruwan megabait a zama ɗaya. Ga kuma batir, wanda irin wannan wasa yake zuƙewa yana zafafa waya, a yankin da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma caji na kuɗi ne, kuɗin da ya bi farashin man janareta sama tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A farkon 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari.

Duk wannan ƙaramin alhaki ne idan aka kwatanta da kantin da yake cikin wasan. Kowane wasa yana da kuɗinsa na ciki, dayamon a Free Fire, UC a PUBG, V-Bucks a Fortnite, waɗanda ake saye da naira ta gaske, kuma amfanin sauya sunan kuɗi shi ne mai saye ya daina lissafi da kwanon gero ko kuɗin makaranta. Da su ake sayen riga da fentin bindiga da salon rawa, abubuwan da galibi ba sa ƙara wa mutum iya harbi, sai dai su raba shi da gorin abokai, domin a fage ana gane wanda bai taɓa sayen komai ba daga rigarsa. Mafi muni shi ne akwatin sa'a da juyin ƙafar sa'a, inda ake biya ba tare da an san abin da zai fito ba, ana ta ƙarawa da fatan abin da ake so zai faɗo a juyi na gaba. Ƙasar Beljiyam ta yanke hukunci a 2018 cewa irin wannan akwati da ake saye da kuɗi caca ne a ƙarƙashin dokarta, kuma ɗalibin da ya karanta babin ciniki a littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Sakkwato ba zai yi mamaki ba, domin ya san garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kamar kifi a ruwa ko tsuntsu a sama. A watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar kare masu saye ta Amurka, kan tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, da kuma tsara maɓallai yadda mutane suke yin sayayyar da ba su yi niyya ba. Wannan ya faru ne a ƙasar da take da lauyoyi da hukumomi masu haƙora. Uban da ya ba ɗansa aron waya a Sanyinna, wadda manhajar bankinsa take ciki, kansa ne kawai hukumarsa.

Tambayar da ta fi damun iyaye a wannan yanki ita ce ko wasan yana koya wa yaro son bindiga, kuma ba tambayar raini ba ce ga mutanen da suka san ƙauyukan da aka tasa da dare. Abin da bincike ya nuna bai kai tsoron da ake ji ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Oxford sun nazarci matasa kimanin 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, suka haɗa da bayanin iyayensu, ba su kuma sami alaƙa tsakanin yawan wasan faɗa da yawan tsokana a zahiri ba, sannan a 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa hujjar da ake da ita ba ta isa a ɗora wa wasannin alhakin aikata tashin hankali ba. Dole ne a lura cewa an yi waɗannan nazarce-nazarce ne a kan yaran da ba su taɓa kwana a daji saboda gudun hari ba, kuma yaron da ƙarar harbi take tayar masa da wani abu da ya gani yana buƙatar kulawa ta daban. Amma abubuwan da suka haifar da 'yan bindiga a arewa maso yamma sanannu ne, rikicin ƙasar noma da kiwo, satar shanu, kwararowar makamai, da raunin shari'a, kuma sun girmi Free Fire. Indiya ma da ta haramta PUBG a 2020 da Free Fire a 2022, dalilin da ta bayar na tsaron bayanai ne.

Abin da wasan yake ci ba tare da gardama ba shi ne lokaci. Langa da dara da kokawar dandali duk suna da mai tsayar da su, ko wata ya faɗi, ko abokan wasa su watse, ko a kira mutum daga gida, amma fagen intanet ba ya rasa mutum 49 da suke jira a kowace sa'a, kuma an tsara shi da ladar shiga kullum da matsayin da yake zamewa idan aka yi sakaci, don kada a ajiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya larurar wasan bidiyo a kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ta kuma bayyana ta da cewa mutum ya kasa sarrafa wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da illar da yake gani, har na tsawon kimanin wata 12, kuma ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kaiwa nan. Chana ta bi hanya mai tsauri a 2021, ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa uku a mako.

Saura maganar murya, domin 'yan rukuni suna magana da juna kai tsaye, kuma ba kowane mai kiran yaro aboki ne yaro ba; ta nan ake yi musu tayin dayamon na kyauta a karɓe asusunsu, ko a nemi su karanto lambar sirri da banki ya turo wa wayar. Don haka uban da yake Tambuwal ko Kebbe, da malamin makarantar da yake ganin ɗalibi yana gyangyaɗi da hantsi, ba sa buƙatar su iya wasan kafin su tsawata. Ya ishe su su cire katin banki daga asusun Google Play ko su sa a riƙa neman kalmar sirri kafin kowace sayayya, su hana wayar kwana a shimfiɗar yaro, su kuma zauna kusa da shi zagaye ɗaya, minti 10 kacal, su ji da wa yake magana.