Makaɗan fiyano na Faransa: Bayan makaranta ta yaye su, wa ke buɗe musu ƙofa?

Duk wanda ya kalli bikin buɗe wasannin Olamfik na birnin Faris a talabijin, ranar 26 ga watan Yulin 2024, zai iya tuna wani saurayi zaune gaban baƙin fiyano a kan gada, ruwan sama na zuba, murfin fiyanon ya jiƙe sharkaf, shi kuwa ko a jikinsa, yana ta kiɗa abinsa. Sunansa Alexandre Kantorow. Gadar ita ce mai ɗauke da sunan Léopold Sédar Senghor, shugaban Senegal na farko, kiɗan kuma na Maurice Ravel ne, wanda ya tsara a 1901 yana kwaikwayon wasan ruwa.

Da yawa sun ce wannan baiwa ce daga Allah, kuma baiwar kam akwai ta. To amma da na bi tarihin wannan saurayi da na wasu tsararrakinsa 'yan Faransa, abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan hannuwan da suka tallafo su kafin duniya ta san da su. Na san a cikinmu ra'ayi ya bambanta kan kiɗa, wannan kuwa fagen malamai ne, na bar musu. Abin da nake so mu duba tare, mai karatu, shi ne yadda wata al'umma ke hana basirar 'ya'yanta mutuwa a hanya.

Sana'ar da ke cin kuɗi tun daga yarinta

Fiyano ba gurmi ba ne da za ka rataya a kafaɗa ka kama hanya. Maɓallansa 88 ne, farare 52, baƙaƙe 36, a cikinsa kuma akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200. Babban fiyanon da ake sa wa a manyan zauruka, irin wanda kamfanin Steinway ke ƙerawa, tsawonsa ya kai santimita 274, nauyinsa ya kusa rabin tan, kuɗinsa kuma ya haura Yuro 150,000, wato sama da sefa miliyan 98. Ba wanda ke tafiya da nasa. Makaɗi na isa gari ne ya tarar da fiyanon da aka tanada, ya yi 'yan sa'o'i yana sabawa da shi, da dare ya fito gaban jama'a.

Yawancinsu tun suna 'yan shekara biyar ko shida suke farawa, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga nan sai atisayen sa'o'i a kullum, shekara da shekaru. Ana bukatar fiyano a gida, da ɗakin da maƙwabta ba za su buga ƙofa ba, da mai zuwa yana saita tsirkiyoyin lokaci-lokaci, da malami na musamman.

Ta fuskar makaranta, gwamnatin Faransa ta yi nata. Babbar makarantar kiɗa ta Faris, wadda suke kira Conservatoire, an kafa ta tun 1795, akwai kuma ƙanwarta a birnin Lyon. Kuɗin rajista ba shi da yawa, shiga ce dai sai an ci jarrabawa mai zafi. Akwai kuma makaranta mai zaman kanta, École Normale de Musique, da makaɗi Alfred Cortot da abokinsa Auguste Mangeot suka kafa a 1919. Tana da nata zaure mai ɗaukar mutum kusan 400, inda ɗalibai ke gwada ƙwanjinsu gaban 'yan kallo.

An yaye ka, sai me?

Matsalar tana farawa ne ran da aka miƙa wa matashi takardar shaidarsa. Mai goge ko mai busa sarewa zai iya neman aiki a babbar ƙungiyar makaɗa, ya riƙa karɓar albashi duk wata. Mai fiyano kuwa wuya ne ya sami irin wannan kujera, domin kiɗansa na kaɗaici ne. Sai an gayyace shi zai ci abinci. Masu zauruka ba sa gayyatar wanda ba su sani ba, shi kuma ba za a san shi ba sai an gayyace shi. Ka ga an yi kwana a ƙofa ke nan.

Hatta tsarin da Faransa ta yi na tallafa wa masu fasahar da ba su da aiki na dindindin yana da sharaɗi: sai mutum ya nuna ya yi aikin sa'o'i 507 cikin wata 12. Ana ƙirga kowane wasa da aka biya shi a matsayin sa'a 12, ke nan yana bukatar wasa kusan 43 a shekara. Wanda ya fito daga makaranta jiya, ina zai samo su?

Ga kuma lokaci na ƙure shi. Yawancin manyan gasannin duniya ba sa karɓar wanda ya wuce shekara 30 ko 'yan kai. Saboda haka tsakanin shekara 20 zuwa 30 ne ake yin ta ta ƙare. Wanda bai fito a wannan tsakanin ba, galibi sai ya koma koyarwa, ko raka mawaƙa, ko ya bar harkar baki ɗaya, bayan ya ba ta shekara ashirin na rayuwarsa.

Masu sa hannu a aljihu

A wannan giɓin ne gidauniyoyi ke shigowa. Gidauniyar bankin Banque Populaire, tun 1992, tana ba matasan makaɗa tallafin da za a iya sabuntawa har shekara uku. Da irin wannan kuɗi matashi ke biyan jirgi zuwa gasa, ya ɗauki darasi wurin ƙwararre a wata ƙasa, ko ya naɗi faifansa na farko. Ƙungiyar Adami, mai tattaro wa masu fasaha haƙƙinsu, ita ma takan zaɓi wasu matasa duk shekara ta gabatar da su.

Kada a ɗauka tsabar kirki ne kawai ya kawo haka. A 2003 Faransa ta yi dokar da ake kira da sunan ministan al'adu na lokacin, Jean-Jacques Aillagon. A ƙarƙashinta, kamfanin da ya ba da gudummawa ga irin waɗannan ayyuka ana rage masa haraji da kashi 60 cikin ɗari na abin da ya bayar. Mutum ɗaya kuwa a yau rangwamensa kashi 66 ne. Wato idan attajiri ya ba da Yuro 1,000, abin da ya fita daga aljihunsa a zahiri 340 ne, sauran baitulmali ce ta ɗauka. Bayarwa ta zama abu mai sauƙi, shi ya sa masu bayarwa suka yi yawa.

Daren farko

Duk da haka, ni a ganina, kuɗi ba su kai dandali muhimmanci ba. Abin da matashi ya fi bukata shi ne wasan farko nasa shi kaɗai, a babban birni, ya yi sa'a ɗaya da rabi yana kiɗa da ka, ba takarda a gabansa, a cikin 'yan kallo kuma akwai masu sharhi na jaridu, da dillalan makaɗa, da masu shirya bukukuwa. Sharhi ɗaya mai kyau na iya janyo gayyata biyar.

Abin lura a nan shi ne, ana iya sayen irin wannan dare. A gidan kiɗa na Carnegie da ke New York akwai ƙaramin zaure mai kujeru 268 da ake bayarwa haya. Mai kuɗi zai iya kama shi, ya buga hotonsa, ya rubuta a takardunsa cewa ya yi wasa a Carnegie. Sai dai 'yan harkar sun san bambancin wanda ya kai kansa da wanda aka kai. Darajar daren tana ga sunan wanda ya tsaya maka.

Shi ya sa ƙungiyar Young Concert Artists ke da nauyi. Wata mata, Susan Wadsworth, ta kafa ta a New York a 1961. Wanda ya tsallake tantancewarta, za a shirya masa wasan farko a New York da Washington, a kuma riƙa nemo masa gayyata na wasu shekaru. Manyan makaɗan Faransa irin su Jean-Yves Thibaudet da Jean-Efflam Bavouzet ta wannan ƙofa suka shiga Amurka. Haka ma Lise de la Salle, wadda ta yi nasara a 2004.

Akwai kuma ƙanana da ba a cika jin sunansu ba. Ƙungiyar French-American Piano Society, alal misali, takan ɗauki nauyin matasan makaɗa daga Faransa su je New York su halarci darussan bazara wurin ƙwararru, sannan ta shirya musu wasa a ƙaramin ofishin jakadancin Faransa da ke birnin. Zauren ba babba ba ne, amma ga ɗan shekara ashirin da bai taɓa tsallaka teku ba, ba ƙaramin abu ba ne. A Ingila ma, tun 1999 BBC ke da shirin ɗaukar matasan makaɗa na tsawon shekara biyu tana watsa wasanninsu a rediyo, kuma Cédric Tiberghien na Faransa ya ci moriyarsa, bayan ya lashe gasar Long-Thibaud ta Faris a 1998.

Malama ɗaya, ɗalibai uku

In kana son ganin yadda hanyoyin suka sha bamban, dubi ɗalibai uku na malama Rena Shereshevskaya, wadda ta yi karatu ta kuma koyar a Mosko kafin ta koma Faransa.

Na farko Rémi Geniet, wanda ya zo na biyu a gasar Sarauniya Elisabeth ta Beljiyam a 2013 yana ɗan shekara 20, daga baya a 2015 ya sami shiga Young Concert Artists. Shi ya bi matakala ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu Kantorow. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: mahaifinsa Jean-Jacques Kantorow sanannen magogi ne kuma jagoran makaɗa, mahaifiyarsa ma goge take yi. Tun bai kai shekara 20 ba ya naɗi faifai, mahaifin nasa na jagorantar makaɗan da ke raka shi. A 2019, yana ɗan shekara 22, ya lashe gasar Tchaikovsky a Mosko, ɗan Faransa na farko da ya ɗauki zinare a ɓangaren fiyano. Daga baya aka ba shi kyautar Gilmore ta 2024, ta dala 300,000. Wannan kyauta ta Amurka ba a nemanta, ba a kuma yin gasa a kanta. Sau ɗaya ake bayarwa duk shekara huɗu, alƙalanta kuma a ɓoye suke bin makaɗi suna sauraronsa, bai ma san ana auna shi ba.

Na uku, wanda labarinsa ya fi taɓa ni, shi ne Lucas Debargue. Gidansu ba na makaɗa ba ne. Sai da ya kai wajen shekara 11 ya fara koyon fiyano, shekarun da tsararrakinsa sun yi nisa. Yana saurayi ya ajiye shi gaba ɗaya na wasu shekaru, ya koma karatun adabi. Da ya dawo, ya kai shekara 20, a lissafin harkar ya makara. Malamar ta karɓe shi a haka, ta yi shekara huɗu tana gyara shi. A 2015 ya je gasar Tchaikovsky ya zo na huɗu, amma masu sharhin kiɗa na Mosko suka ba shi tasu kyautar, jama'a suka yi ca a kansa, kamfanin Sony ya ɗauke shi. Da malamar nan ta dubi shekarunsa ta sallame shi, yau da ba wanda ya san sunansa.

Ita ma wannan ƙofar ta Mosko yanzu ta ƙuntata. A 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, ƙungiyar gasannin kiɗa ta duniya ta cire gasar Tchaikovsky daga cikinta. Ga matashin Faransa, ɗaya daga cikin manyan tsanin da Debargue da Kantorow suka taka ya zama mai wuyar hawa.

Waɗanda ba su kai bakin ƙofar ba

Akwai wani gefe da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Duk waɗannan tallafi suna zuwa ne a ƙarshen tafiya. Kafin gidauniya ta ga matashi, sai ya shekara goma sha biyar yana koyo, kuma wani ne ya biya. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Yaron da ya tashi a unguwannin bayan garin Faris, inda 'ya'yan baƙi daga Afirka suka yi yawa, gida ƙarami, iyali babba, ina zai ajiye fiyano, balle ya yi sa'a huɗu yana bugawa?

Hukumomi sun san da haka. Tun 2010 akwai shirin Démos, wanda yanzu gidan kiɗa na Philharmonie de Paris ke jagoranta, inda ake ba yara 'yan shekara 7 zuwa 12 daga unguwannin marasa ƙarfi aron kayan kiɗa, a koyar da su kyauta har shekara uku. Sai dai shirin na kayan babbar ƙungiya ne, irin su goge da sarewa, waɗanda yaro zai saka a jaka ya tafi da su gida. Fiyano ba ya shiga jaka. Saboda haka har yanzu, a wannan fanni, gidan da aka haife ka yana da ta cewa sosai.

Duk da wannan giɓi, akwai abin da na ga sun gane. Koyarwa rabin aiki ce. Mu ma mun san yaron telan da aka yaye da biki da addu'a, amma ba keke, ba shago, ba wanda ya kawo masa ɗinkin farko, bayan shekara biyu sai ka gan shi a kan babur yana haya. Masu tallafa wa makaɗan Faransa sun fi zuba ƙarfinsu ne a kan waɗannan 'yan shekarun da ke bayan yaye: su biya kuɗin jirgi, su kama zaure, su gayyato waɗanda maganarsu ke da nauyi, su zaunar da su a sahun gaba. Daga nan sai su koma gefe, sauran aikin na yatsun yaron ne.