Alkafura a Zangon Kumasi: yaran sun iya tashi, sauka ake koya musu

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a Kumasi ya san abin da ke faruwa da yamma a titunan Aboabo, Asawase da Sabon Zango. Ganga na tashi, jama'a su ja da baya su buɗe fili, sai ka ga yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya sheƙo da gudu ya zuba alkafura uku a jere a kan kwalta, ko takalmi babu. Mata su rangaɗa guɗa, wani Alhaji ya manna masa sidi biyar a goshi. Kafin ka ankara samari huɗu sun haɗa kafaɗa, biyu sun haye kansu, ƙaramin cikinsu kuma ya ɗare can ƙololuwa yana ɗaga wa mutane hannu.

Kowa na saman nan yake kallo. Ni kuwa idona na ƙasa, ina neman wanda zai cafe shi idan ƙafa ta goce. Sau da yawa babu kowa.

Ni malamin makaranta ne, kuma na daɗe ina horar da yara wannan wasa bayan La'asar a filin wata makaranta a yankin Asawase. Baiwa dai ba ta yi mana ƙaranci ba a Zango. Yawancin yaran da ke zuwa wurina sun riga sun iya juyawa a iska tun kafin in san sunansu. A kan tulin yashin magina suka koya, ko a kan dusar katako da kafintoci ke zubarwa, da tsohuwar taya irin ta Suame Magazine da aka binne rabinta a ƙasa, ana taka ta a yi sama. Babu wanda ya koya musu. Yaro ya ga yayansa ya yi, shi ma ya gwada. Abin da ba su iya ba shi ne dira lafiya, da kuma kama ɗan'uwa idan ya taho ƙasa. Kusan duk aikin mai horarwa a nan yake.

Dokokin da aka saya da tsada

A Amurka wannan haɗi na alkafura, ɗaga mutum sama da rera kirari a bakin fili wasa ne mai zaman kansa. Su suna ce masa ciyalidin, ni kuwa 'yan zuga nake ce wa masu yin sa, don asalin aikinsu ke nan: su zuga 'yan kallo, 'yan kallo su zuga 'yan ƙwallo. Ana danganta farkonsa da wani ɗalibi mai suna Johnny Campbell, wanda ya jagoranci ihun 'yan kallo a Jami'ar Minnesota a watan Nuwamban 1898. Da farko wasan maza ne zalla, mata suka fara shiga a shekarun 1920, yau kuma su suka fi yawa. An kafa ƙungiyar wasan ta duniya, ICU, a 2004, kuma a watan Yulin 2021 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba ta cikakkiyar amincewa.

Adonsu da kiɗansu ba su dame ni ba, muna da namu. Abin da na ɗauko daga wurinsu dokokin tsaro ne, domin da tsada suka saye su. A watan Maris na 2006 wata ɗaliba mai suna Kristi Yamaoka, ta Jami'ar Kudancin Illinois, ta faɗo daga saman benen mutane a wajen wasan ƙwallon kwando, ta tsage ƙashin wuya. Bayan nan aka ƙara tsaurara dokokin wasan a jami'o'i. A 2012 kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya inda ta ce kusan kashi biyu cikin uku na munanan raunukan da 'yan mata 'yan sakandare suka samu a fagen wasanni cikin shekara 25, irin na kai da wuya da lakar baya, daga wannan wasa suka fito. Ta ba da shawarar kada a ɗaga mutum a kan ƙasa mai tauri, ko jiƙaƙƙiya, ko mai gargada, kuma benen mutane kada ya wuce hawa biyu. Waɗannan fa masu katifu ne da asibiti a bayan gida. Mu kuwa hawa uku muke yi a kan kwalta.

Mutumin Kumasi ba sai an yi masa dogon bayani kan lakar baya ba. Babban filin wasan garin nan sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, ɗan wasan gefen da ya yi tashe a Asante Kotoko da Black Stars. A 1963 ya yi haɗarin mota a Kpeve tare da ƙungiyar Real Republikans, ya ji rauni a laka, aka kai shi har Ingila, amma bai sake taka leda ba har ya rasu a 1969. Shi mota ce sanadinsa. Sai dai laka ɗaya ce, ko ta gwarzo ko ta yaron da ya dira da ka.

Da rarrafe yaro kan tashi

Sabon yaro idan ya zo, komai gwanintarsa, makonnin farko ba ya barin ƙasa. Wannan ne ke kawo rigima. "Ticha, ni fa na iya! Wallahi biyu nake yi a iska!" Sai in ce na yarda, amma hau bencin nan ka diro mini ka tsaya cak, kada ƙafa ta motsa. Da wuya ka ga wanda ya yi daidai a karon farko. Wani ya diro da gwiwa a sandare, duk nauyin ya tafi ga ƙugu da gadon baya. Wani gwiwoyinsa su haɗe ciki kamar almakashi. Dirar da muke so ita ce gaban tafin ƙafa ya fara taɓa ƙasa, diddige ya biyo, gwiwa ta ɗan lanƙwasa tana kallon inda yatsu ke kallo, hannuwa a gaba, ƙirji a sama. Kuma a yi ta shiru. Yaron da dirarsa ke ƙara kamar an yar da buhun masara bai iya ba tukuna.

Daga nan sai faɗuwa. E, ita ma koyon ta ake yi. Mutum idan zai faɗi ta baya, da kansa yake miƙa hannu ya tokare ƙasa, kuma ta nan wuyan hannu da gwiwar hannu ke karyewa. Muna koya musu su sa haɓa a ƙirji, su dunƙule, su mirgina. Sai tsayuwa a kan hannu, ƙafafu a sama jikin bango, ciki a ɗaure, hannuwa manne da kunne. Wanda kafaɗarsa ba ta iya ɗaukar nauyinsa a tsaye, ba za ta ɗauka ba idan ya taho da gudu yana juyawa ta baya. Alkafurar gefe ta biyo baya, sannan wadda ake haɗe ƙafafu a sama a diro ana fuskantar inda aka fito.

Sai an wuce duk wannan muke taɓa alkafurar baya, kuma a nan ne ciwon yaran titi yake. Kusan dukkansu kai suke fara wurgawa baya. Da zarar ka wurga kai, bayanka ya gantsare, tsallen ya mutu, sai ka juya kusa da ƙasa. Yaro mara nauyi zai yi haka sau ɗari ya tsira. Ran da ya gaji, ko ya ƙara tsawo cikin hutu, ko ƙasa ta jiƙe, ranar ce kai zai riga ƙafa isa. Gyaran shi ne a fara tashi sama sosai, ido na kallon gaba, hannuwa su ja jiki sama, sai a ƙololuwar tsallen a janyo gwiwa zuwa ƙirji. Ina tsayawa a gefensa, hannu ɗaya a gadon baya, ɗaya a bayan cinya, har sai jikin ya manta tsohuwar hanyar. Gyaran wanda ya iya a karkace ya fi koya wa sabo wuya nesa ba kusa ba. Bahaushe dai kalma ɗaya ya ba wa wannan juyi da kuma ganganci: ƙundumbala.

Ba ma yawaita maimaici a kan hannu ga ƙanana. Ƙashin wuyan hannun yaro bai gama haɗuwa ba, kuma idan ya fara cewa wurin na masa ciwo, hutu ne maganinsa. Da azumi kuwa miƙe jiki kawai muke yi.

Wanda ba a tafa masa

A wajen ɗaga mutum, mun raba aiki uku, muka ba kowanne suna a filinmu. Masu ɗagawa su ne ginshiƙai. Wanda ake ɗagawa tsuntsu. Wanda ke tsaye a baya mai gadi.

Ginshiƙi da ƙafa yake ɗagawa, baya a miƙe, nauyin kusa da jiki. Su biyun dole su tashi a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa komai da ƙidaya muke yi, ɗaya zuwa takwas, da babbar murya. Idan ɗaya ya riga ɗaya ko da ƙiftawar ido, tsuntsu ya karkace. Shi kuma tsuntsu aikinsa ya sandare kamar taɓarya. Mutum biyu za su ɗaga taɓarya a tsaye cikin sauƙi, amma ba su igiya mai nauyinta ka ga yadda za su yi. Kada ya kalli ƙasa, kada ya lanƙwasa ƙugu, kuma idan ya ji zai faɗo kada ya ce zai ceci kansa da harbe-harben ƙafa. Ya tsaya a ɗaure, a kama shi. Wannan shi ne mafi wuya, don sai ya yarda da na ƙasa fiye da yadda ya yarda da kansa.

Mai gadi kuwa, shi ne wanda nake zaɓa da kaina, kuma ba na duba ƙarfi kawai. Ina neman yaron da ko akuya ta shigo fili ba zai waiga ba. Shi ke ƙidaya, shi ke riƙe idon sawun tsuntsu, idonsa ba ya barin na sama, kuma idan abu ya ɓaci, kai da wuya da kafaɗar tsuntsu amanarsa ce. Ko shi ya faɗi, ko ya fasa leɓe, kan tsuntsu ba zai taɓa ƙasa ba. Duk dabarar da za mu koya, saukowarta muke fara koya kafin hawanta, kuma daga ƙasa-ƙasa: tsayuwa a kan cinya, zama a kafaɗa, tsayuwa daidai kafaɗa, sai can daga baya a miƙe hannu sama. Ba a wuce mataki sai an yi shi sau goma a jere ba tangarɗa. Jefa mutum sama a cafe kuwa, ban yarda da shi ba sam, don ba mu da shimfiɗar da ta dace.

Shimfiɗar tamu tsofaffin katifun soso ne da iyaye suka ba mu, muka lulluɓe da tamfol, sai ramin da muke cikawa da dusar katako, a tankaɗe ta saboda ƙusa. Da hunturu ƙasa ta zama kamar dutse, da damina kuma santsi. Idan an yi ruwa, babu ɗaga kowa a ranar.

'Yan mata ma suna zuwa, kuma sun fi maza saurin kama ƙidaya. Iyayensu na da tambayoyi, kuma suna da gaskiya. Ranarsu daban, wata malama ce ke riƙe su, wando ne dogo da riga mai hannu, sai hijabi na zurawa wanda ba ya buƙatar fil. Fil, ɗan kunne, zobe da dogon farce duk ana ajiye su a bakin fili. Wata uwa da ta kawo 'yarta ta ce mini, "Ticha, amana ce fa." Na ce, "Hajiya, ki zo ki zauna ki gani da idonki, duk ran da kika ga dama." Tana zuwa kuwa, da kujerarta.

Abu na ƙarshe da nake maimaita wa manyan yaran shi ne abin yi idan wani ya faɗo da ka. Al'adarmu ita ce a ruga a ɗaga shi, a girgiza, a zuba masa ruwan leda, a jefa shi cikin pragya, ko a wuce da shi wurin maɗori a murza. Idan wuya ne ya taɓu, wannan ɗagawar na iya ƙarasa abin da faɗuwar ta fara. A bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya riƙe kan kada ya motsa, a kira 112, a nufi asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Ji. Wanda kuma ya bugu a ka ya miƙe yana jiri, ko amai, ko ya rasa inda yake, ya gama wasa a ranar ko da ya rantse garau yake, kuma sai likita ya gan shi.

Babbar abokiyar hamayyata yanzu waya ce. Tun da 'yan Tanzaniyan nan biyu, Ramadhani Brothers, suka lashe wata gasar America's Got Talent a 2024, ɗaya na hawa matakala ɗauke da ɗaya kai a kan kai, na sha raba yara da ke gwada haka a bayan aji. Bidiyon minti biyu ne, ba ya nuna shekarun da aka yi ana faɗuwa a kan katifa.

Sallah mai zuwa za mu fita. Na riga na yi magana da makaɗa da shugabannin samarin unguwa: aboboya zai riga mu isa da katifu, benenmu hawa biyu ne, kowane tsuntsu da mai gadinsa. Kuɗin liƙi kuma a hula ɗaya za a tara a raba daidai, domin muddin na sama kaɗai ake manna wa sidi a goshi, babu yaron da zai yarda ya tsaya a baya.