IMANI, HUJJA DA SHAKKA: TAMBAYA ƊAYA DAGA BAGADAZA ZUWA DEGEL



Gabatarwa

Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne saɓanin ra'ayoyin 'yan Adam game da Allah, da imani, da shakka. Batu ne mai faɗi ƙwarai, wanda ko shekara guda aka ba mutum ba zai ƙure shi ba. Duk wanda ya leƙa tarihin addinai ya san cewa mutane ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba. Musulmi da Kirista da Yahudawa sun tafi a kan Ubangiji ɗaya Mahalicci, ko da yake sun saɓa a kan siffofinsa da manzanninsa. Maguzawa sun yarda akwai Allah, amma suna ganin ya yi nisa da al'amuran yau da kullum, saboda haka sai su nemi ruwa ko lafiya ta hannun iskoki. Koyarwar Buda ta asali kuwa ba ta ginu a kan Mahalicci ba. Bayan waɗannan akwai masu musun samuwar Allah ɗungum, akwai kuma masu cewa su dai ba su sani ba.

Ba zan bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ba. Zan ɗauki tambaya guda wadda ta raba masu addini su kansu, watau: shin wanda ya ce ya yi imani, wajibi ne ya iya kawo hujjar hankali a kan abin da ya gaskata? In ya kasa, ko kuwa shakka ta ɗarsu a zuciyarsa, mene ne matsayinsa, kuma wa ke da ikon yanke masa hukunci? Wannan tambaya ta taɓa jawo wa malamai bulala a Bagadaza, ta kuma taɓa sa aka kafirta talakawa a nan ƙasar Hausa.

Masu Gabatar da Hankali

A ƙarni na takwas na Miladiyya wata ƙungiyar malamai ta taso a Basra, wadda aka sani da Mu'utazilawa. Ana danganta asalinta ga Wasilu ɗan Aɗa'u, wanda ya rasu a 748. Su waɗannan malamai suna zaune ne cikin Kirista da Yahudawa da Majusawa, suna muhawara da su, sai suka lura cewa wanda bai yarda da littafinka ba, ba ka iya kafa masa hujja da ayarsa. Don haka suka ce farkon abin da ya wajaba a kan baligi shi ne nazari, watau ya yi amfani da hankalinsa har ya kai ga sanin Mahaliccinsa. Wannan hanya ta kai su ga wasu ra'ayoyi da suka tayar da ƙura, daga ciki har da cewa Alƙur'ani halitta ne.

Da maganar ta tsaya a zauren karatu da da sauƙi. Amma a shekarar 833 Halifa Ma'amun ya ba da umurni a riƙa jarraba alƙalai da malaman hadisi a kan wannan ra'ayi. Wanda ya ƙi amincewa a tuɓe shi daga aiki, a kuma daina karɓar shaidarsa. Imam Ahmadu ɗan Hambali ya ƙi, aka tsare shi fiye da shekara biyu, aka yi masa bulala a zamanin Halifa Mu'utasim. Sai wajen shekarar 850, a zamanin Halifa Mutawakkil, aka bar wannan jarrabawa. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka ɗaga tutar hankali su ne aka wayi gari ana kare ra'ayinsu da kurkuku, alhali kuwa hujjar da ke bukatar dogari a bayanta ta riga ta nuna rauninta.

Daga cikin Mu'utazilawan nan ne Abul Hasanil Ash'ari ya fito. Ya yi karatu a hannunsu har ya kai kimanin shekara arba'in da haihuwa, sa'an nan ya rabu da su, ya juya makamansu na muhawara wajen kare abin da wahayi ya zo da shi. A wurinsa hankali yana da aiki babba, amma a bayan wahayi yake tafiya. Tafarkinsa ne ya bazu a Magrib tare da mazhabar Malikiyya, har ya ƙetaro hamada zuwa ƙasashenmu.

Malamin da Ya Yi Shakka

Idan Mu'utazilawa sun ɗauka cewa hankali zai kai mutum ga yaƙini kai tsaye, Imam Gazali ya gwada hanyar da kansa, ya kuma ba da labarin abin da ya tarar a littafinsa Almunƙizu minad Dalali. An haife shi a Ɗus, cikin ƙasar Farisa, a 1058. Tun yana matashi ya lura cewa 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, 'ya'yan Yahudawa Yahudawa, 'ya'yan Musulmi Musulmi. Sai ya tambayi kansa: a cikin abin da na gaskata, wanne ne sani na haƙiƙa, wanne ne gado kawai?

Ya fara da gaɓoɓin ji da gani, sai ya ga suna yaudara. Ido yana ganin inuwa kamar a tsaye take, alhali tafiya take yi sannu a hankali. Yana ganin tauraro ɗan ƙarami kamar dinari, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. To, mu da muke cewa gani ya kori ji, ga shi ganin ma an kore shi. Ya koma ga hankali, wanda shi ne ya ƙaryata ido. Nan ma sai ya ce: mai barci yana gaskata mafarkinsa har sai ya farka, me zai hana a sami wani matsayi a sama da hankali, wanda zai ƙaryata shi kamar yadda farkawa ke ƙaryata mafarki? Ya zauna cikin wannan hali wajen wata biyu. Bisa ga faɗarsa, abin da ya fisshe shi wani haske ne da Allah ya jefa a ƙirjinsa, domin duk wata hujja da zai jera sai ta dogara a kan hankalin da yake tuhuma.

Wannan ba shi ne ƙarshen gwagwarmayarsa ba. A 1091 aka naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda ɗalibai kimanin 300 ke zama a gabansa. Bayan shekara huɗu ya binciki zuciyarsa, ya ga neman suna da girma ne ke tafiyar da shi, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu. A 1095 ya bar muƙami da dukiya, ya nufi Sham da Ƙudus da Makka, bai koma koyarwa a babbar makaranta ba sai a 1106, a Naisabur. Ya rasu a 1111. Mutumin da aka yi wa laƙabi da Hujjatul Islam, shi ne kuma ya rubuta da hannunsa cewa shakka ta taɓa kama shi, wannan kuwa bai rage masa daraja a idon malaman da suka biyo bayansa ba.

Shakka a Ƙasashen Turai

Bayan Gazali da shekara fiye da ɗari biyar, wani Bafaranshe mai suna Dekart ya bi irin wannan hanya a wani littafi da ya buga a 1641. Shi ma ya tuhumi gaɓoɓinsa, shi ma ya kawo misalin mafarki. Inda suka rabu shi ne mafita. Dekart ya ce ko da ya yi shakkar kome, ba zai iya shakkar cewa akwai mai yin shakkar ba, kuma daga nan ya gina hujjojinsa na samuwar Allah. Watau shi da hankali ya shiga ramin, da hankali kuma ya ce ya fito.

Waɗanda suka biyo baya ba duka suka gamsu ba. A 1781 Bajamushe Kant ya kawo bayani cewa hankali tsantsa ba ya iya tabbatar da samuwar Allah, ba ya kuma iya kore ta, domin al'amarin ya wuce iyakar abin da gaɓoɓi ke riska. Amma duk da haka ya bar wa imani gurbi ta fuskar ɗabi'a da sanin ya kamata. A 1869 kuma, shekara goma bayan fitowar littafin Darwin a kan asalin nau'o'in halittu, wani masanin kimiyya na Ingila mai suna Haksili ya ƙirƙiro suna na musamman don mutanen da suka tsaya a kan cewa ba su sani ba, kuma ba za su faɗi abin da ba su da hujja a kansa ba.

Daga nan za mu ga cewa kalmar shakka ta ƙunshi abubuwa daban-daban. Akwai waswasi, wanda ke ɗarsuwa a zuciyar mai imani ba da sonsa ba. Ya zo a hadisi cewa wasu Sahabbai sun kai kukan irin wannan, aka kwantar musu da hankali da cewa ƙyamar da suke yi masa alamar imani ce. Akwai shakkar mai bincike, irin ta Gazali da Dekart, wadda hanya ce ake bi a wuce. Akwai kuma shakkar da mutum ya mayar masauki, irin ta Haksili. Wanda ya haɗa ukun nan ya yi musu hukunci ɗaya, lalle zai zalunci biyu daga cikinsu, ko ma dukansu.

Yadda Tambayar Ta Iso Ƙasar Hausa

Mu komo gida. Littafin tauhidin da ya fi yaɗuwa a makarantun zaure na Afirka ta Yamma shi ne Ummul Barahina, na Shehu Muhammadu Sanusi, mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. A cikinsa ne ɗalibi ke koyon siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, da kishiyoyinsu da suka koru, kowace da dalilinta na hankali. Sanusi ya tsananta ƙwarai a kan wajibcin nazari, yana gudun kada mutum ya tsaya a kan taƙalidi, watau bin maganar wani ba tare da sanin hujja ba.

A ƙarni na goma sha takwas wasu ɗalibai a ƙasashen nan suka ɗauki wannan magana suka wuce gona da iri. Sai su tare manomi ko makiyayi su yi masa tambayoyin ilmin kalami. In ya kasa amsawa yadda yake a littafi, su ce ba Musulmi ba ne. Ku dubi nauyin wannan hukunci. Wanda aka fitar daga addini, aurensa ya shiga matsala, ba a cin yankansa, ba ya gadon danginsa, ba a kuma yi masa salla in ya mutu. Ashe tambayar da ake gani ta zauren karatu ce ta shiga har cikin ɗakin talaka.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya kuma zauna a Degel cikin ƙasar Gobir, ya tashi tsaye a kan waɗannan mutane. Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri cewa Shehu ya wallafa littattafai kimanin hamsin don raddi a kansu. Hujjarsa a fili take: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sahabbansa sun karɓi shahadar mutanen ƙauye ba tare da sun yi musu jarrabawar kalami ba, hukuncin duniya a kan zahiri yake tafiya, abin da ke cikin zukata kuwa na Allah ne. Wannan matsayi ya yi daidai da na Gazali, wanda tun a zamaninsa ya zargi masu kafirta jama'a saboda rashin sanin hujjojinsu da ƙuntata rahamar Allah.

Kada kuma a ɗauka Shehu ya ba jahilci mafaka ne. Ya yi yawo garuruwa yana karantar da tauhidi da Hausa da Fillanci, ya kuma yi kakkausar suka, a littafinsa Nurul Albabi, ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun kai. Maganarsa ita ce, wanda bai sani ba haƙƙinsa ne a koya masa, kuma alhakin rashin saninsa yana wuyan malamin da ya ƙi koyarwa.

Kammalawa

Jama'a masu sauraro, mun ga masu cewa sai da hujja imani ke inganta, da masu cewa hankali yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, da masu tsayawa a kan ba su sani ba. Ba aikin wannan lacca ba ne ta raba musu gardamar da ta shekara fiye da dubu. Amma tarihin da muka bi ya nuna cewa, a Bagadaza da Gobir duka, ɓarna ta auku ne sa'ad da mai ilmi ko mai mulki ya naɗa kansa mai gadin zukatan mutane.

Ga ɗalibai, wanda karatu ya tayar masa da tambaya kada ya firgita, kada kuma ya yi girman kai. Matambayi ba ya ɓata, muddin ya kai tambayarsa inda ilmi yake, ya kuma yi haƙurin sauraron amsa. Haka nan wanda ya karanta littattafai biyu ko uku kada ya raina imanin tsohuwarsa don ba ta iya jera dalilai ba. Abin da ɗaliban da Shehu ya yi wa raddi suka yi ke nan.

Ga ma'aikata kuwa, ku tuna cewa alƙalai aka fara kira a 833, kuma da tsoratarwa aka karya mafi yawansu. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin tunani da na addini. Wanda ya zo ofishinku neman haƙƙinsa, takardunsa aka ba ku ku duba. Abin da ke zuciyarsa kuwa, tun da Gazali da duk ilminsa sai da ya bar Bagadaza kafin ya gama binciken tasa, ku bar wa Wanda ya san ta.